Ko Ka Sani? Haƙoran Ayu Tafiya Suke Yi a Bakinsa

Ko ka san cewa a kogin Binuwai, wannan dai da muke tsallakawa ta gadar Jimeta in za mu Sangere ko Girei, akwai dabbar da haƙoranta ke tafiya a cikin bakinta? Ayu ke nan. Sabon haƙori yana tsirowa ne can ƙarshen muƙamuƙi, sai ya riƙa matsowa gaba sannu a hankali, kimanin milimita 1 a wata. Yana tafe yana tauna, yana tauna yana cinyewa. Kafin ya iso gaban baki ya gama aikinsa, saiwarsa ta narke, sai ya faɗi. A lokacin kuwa tuni wasu sun biyo sahunsa, wani kuma yana shirin ɓullowa daga baya. Haka abin yake tun ayu yana ɗan maraƙi har ranar da zai bar duniya.

Tun da na ji wannan nake jinjina shi. Haƙori fa a kafe yake cikin ƙashi, to ta yaya zai yi tafiya? Ashe ƙashin da ke gaban kowane haƙori ne yake narkewa kaɗan-kaɗan, wani sabo kuma yana ginuwa a bayansa, sai ramin haƙorin kansa ya riƙa gusawa. Abin da ke tura layin gaba ɗaya kuwa shi ne taunar. Ɗan ayu da ke shan nono zalla haƙoransa kusan a tsaye suke, sai ya fara cin ciyawa tafiyar ke kankama. Daryl Domning na Jami'ar Howard da ke Amurka, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan nazarin wannan dangi na dabbobi, shi da abokiyar aikinsa sun ƙiyasta a 1984 cewa haƙora 20 zuwa 30 ne kan ratsa kowane gefen muƙamuƙi a tsawon rayuwar ayu guda, alhali a lokaci ɗaya biyar zuwa bakwai ne ke aiki. Babban ayu ba shi da haƙoran gaba, ba shi da fiƙa. Matauna ne kawai, sai wata kakkaurar fata mai tauri a gaban baki, da leɓen sama mai tsaga biyu wanda kowane ɓari ke motsi da kansa yana cafko ganye.

Dalilin wannan baiwa yana cikin abincinsa. Ciyawar bakin ruwa cike take da ƙwayoyin siliƙa masu cin haƙori, ga yashi da laka da ke biyo ta. Ayu kuma ba ƙaramin ci gare shi ba, a yini yakan lashe ganye da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin ɗari na nauyin jikinsa, shi kuwa babba yakan kai mita 3, nauyinsa kilo ɗari uku zuwa ɗari huɗu, wani ma ya zarce. Ciyawa, kainuwa, bado, ganyen da ya sunkuyo kan ruwa, duk nasa ne. Da haƙoransa irin namu ne, da cikin 'yan shekaru ya zama mai wawulo, yunwa ta kashe shi.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne ɗan uwansa na kusa a doron ƙasa. Ba dorina ba ce, duk da ruwa ɗaya suke sha. Giwa ce, sai kuma agwada, 'yar mitsitsiyar dabbar nan ta kan duwatsu. In ka dubi hannuwan ayu za ka ga farata uku ko huɗu a bakinsu irin na giwa, nonon macen kuma a hammata yake, kusa da inda na giwa yake. Ita ma giwa matauninta daga baya yake turowa zuwa gaba, amma nata ƙidayayye ne: sau shida a kowane gefe, shi ke nan. In na shidan ya cinye, wajen shekara sittin da wani abu, tsohuwar giwa ba ta iya tauna, sai rama, sai mutuwa. Ayu ba a yanka masa adadi ba. A duk dabbobi masu shayarwa, waɗanda aka tabbatar suna da irin wannan kaɗan ne ƙwarai: wata 'yar ƙaramar dabba mai jaka da ke zaune a duwatsun arewacin Ostareliya, da wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa na gabashin Afirka da aka gano nasa sirrin a 2011. Ko dugon, ɗan uwan ayu da ke Bahar Maliya da Tekun Indiya, bai samu wannan rabo ba.

Dillalin shanu a kasuwar Ngurore in yana son sanin shekarun sa, baki yake buɗe masa ya duba haƙori. A wurin ayu wannan dabara ba ta ci, domin haƙoran da ke bakin tsoho ba su fi na matashi daɗewa ba. Dole masana suka koma ga ƙashin kunne, wanda ke ƙara zobe ɗaya a kowace shekara. Da shi aka gano wani ayun Afirka da ya kai shekara 39. A Amurka kuma an yi wani mai suna Snooty, a garin Bradenton na jihar Fulorida, an haife shi a 1948 ya mutu a 2017 yana da shekara 69, kuma ba tsufa ne ya kashe shi ba, maƙalewa ya yi a wani lungu na tankin da yake ciki. Wata kuma: kusan duk dabba mai shayarwa ƙashin wuyanta bakwai ne, har raƙumin dawa da dogon wuyansa. Na ayu shida ne, shi ya sa in zai waiwaya sai ya juya jikinsa dungurungum.

Turawan da suka fara ratsa ƙasarmu sun ji labarinsa a nan. Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a watan Yunin 1851, ya ambace shi cikin dabbobin Binuwai, Eduard Vogel kuma ya aika bayaninsa Ingila, har Richard Owen ya raɗa masa sunan Vogel a 1856, kafin a tabbatar cewa shi ne dai ayun da aka sani a Senegal tun 1795. Ana samunsa a ƙasashe 21, daga Senegal zuwa Angola, a bakin teku da cikin koguna. Dabbar da danginta na teku ne, amma ta hauro Neja, ta shigo Binuwai ta Lokoja, ta wuce Makurɗi da Numan da Yola da Garwa, ta bi Mayo Kebbi har tafkunan Lere da Tirene a Chadi.

To ga inda zancen haƙorin ya zama abin damuwa a gare ni. Dabbar da aka yi wa haƙoran da ba sa ƙarewa, an yi ta ne don ta daɗe, kuma mai daɗewa ba ya gaggawar haihuwa. Macen ayu takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta yi ta shayar da shi har wajen shekara biyu, sannan ta sake ɗaukar wani. Babban ayu ba shi da wani abokin gaba na kirki a ruwa, kada ma sai dai ya ɗauki ɗan ƙarami. Wannan lissafi ya yi daidai muddin uwa za ta rayu shekara talatin ko arba'in. Ranar da aka soke mace guda, an tafi da ita, da na cikinta, da na hammatarta wanda ba zai rayu shi kaɗai ba, da duk waɗanda za ta haifa nan gaba.

Mun ga ƙarshen irin wannan lissafi a wani wuri. A 1741 Georg Steller ya ga wani ƙaton ɗan uwan ayu a Tekun Bering, tsawonsa ya kai mita 8. Mafarauta suka ji labarin nama da kitse. Zuwa 1768 babu ko ɗaya, shekara 27 kacal. A zamaninmu ma, a 2006 masana suka bi kogin Yangtze na Sin suna neman wata dabbar ruwa mai suna baiji ba su ga ko guda ba, a 2022 kuma aka bayyana cewa dugon ya ƙare a ruwan Sin. A Fulorida, inda kuɗi da doka suke, ayu fiye da 1,000 ne suka mutu a 2021, yawancinsu da yunwa, saboda ƙazantar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci, har ma'aikata suka koma watsa musu latas.

Namu na nan abin da ke cin sa ya fi kusa da gida. Akwai farauta da mashi mai igiya, wadda masu ita ke yi da dare a inda suka ga alamar kiwonsa. Akwai kalli da taru na zaren roba, waɗanda ba don shi aka kafa ba, amma in ya sarƙe ya kasa ɗagowa shan iska sai ya nutse, domin ko yana hutawa ba ya wuce kimanin minti 20 bai numfasa ba. Wani dattijon masunci da muka zauna da shi a bakin kogi a Jimeta ya ce mini a ƙuruciyarsa in ruwa ya cika sukan ji hucinsa da dare kusa da kwalekwale, su ga inda ya yi wa ciyawa aski da safe, amma 'ya'yansa da suka gaji sana'ar labari kawai suke ji. Bai ɓoye mini cewa masunta na jin haushinsa ba, don yana yaga raga yana tsotse kifin da ya kamu. Gaskiya ya faɗa. Binciken Lucy Keith-Diagne, wadda ke aiki a Senegal, ya nuna ayun Afirka yana haɗawa da kifi da dodon koɗin ruwa, ba ganye kaɗai ba.

Sai kuma madatsun ruwa. Tun da aka gama Lagdo a Kamaru a 1982, cikar Binuwai da janyewarsa sun sauya. Mu ambaliya muke tunawa, irin ta 2012 da 2022, amma ga ayu bala'in yana zuwa ne in ruwa ya janye da sauri ya bar shi a kududdufin da ya yanke daga kogi, inda ko yaro zai iya kai masa. Yashi yana cike gurabe masu zurfi, noman rani yana cinye ciyawar gaɓa. Wanda ya san yadda tafkin Njuwa yake a da, ya ga yadda ya koma, ba ya buƙatar dogon bayani.

Amma babban abin da nake son mu kalla ido da ido shi ne man ayu. Ana tallarsa a kasuwanni da wayoyinmu cikin kayan mata, wai yana kafe zuciyar miji, bisa zancen cewa ayu ba ya rabuwa da matarsa. Wannan zance ba shi da tushe. In mace ta zo lokacinta, maza da yawa ne ke bin ta kwana da kwanaki, ta sadu da fiye da ɗaya, kowa ya kama gabansa, ita kaɗai ke renon ɗanta. Soyayyar da ke akwai a rayuwar ayu ta uwa da ɗa ce, ita ce kuma mai mashi ke yankewa don a cika kwalba. Masu sayarwa da kansu suna gargaɗin a yi hattara da jabu, to ko jabun aka saya an ƙara wa na gaskiyar daraja, an ƙara wa mafarauci dalilin fita. Yaya, Anti, Hajiya, kuɗinku ne ke kai shi bakin ruwa.

Doka kam akwai. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kama ayu da cinikinsa a Najeriya. A 2013, a taron yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji (CITES) na Bankok, an sa ayun Afirka a rukunin farko, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Tafkin Pandam na jihar Filato tun shekarun 1970 aka keɓe shi, da ƙoƙarin Sylvia Sikes, saboda ayun da ke shigowa daga Binuwai. Duk da haka a 2020 duniya ta kalli bidiyon wasu matasa suna jan ayu da igiya a kan titi a yankin Neja Delta, da ransa, har ƙaramar ministar muhalli ta lokacin, Sharon Ikeazor, ta fito ta yi tir.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa maƙwabta ne suka yi shi, kuma da masunta aka yi. A kogin Senegal, kusa da Matam, in rani ya tsare ayu a rassan da suka yanke, mutanen gari da ma'aikatan gandun daji kan taru su kama su da raga, su ɗora a mota su mayar babban kogi, har an saka wa wasu na'urar bibiya a 2009. A Kamaru, Aristide Takoukam Kamla da ƙungiyarsa AMMCO sun ba masunta manhajar waya mai suna Siren, duk wanda ya ga ayu ko ya tarar da shi a raga sai ya ɗauki hoto ya aika. Da wata baƙuwar ciyawa mai suna salbiniya ta rufe tafkin Ossa ta kashe abincin ayu, sai suka saki wani ɗan ƙwaro da ba ya cin komai sai ita, ruwan ya buɗe, ayu suka fara dawowa.

Mu ma muna da kayan aikin a hannu. Jami'ar Modibbo Adama tana nan gefenmu a Sangere, da sashen nazarin kifi da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Kowane mashigi daga Numan zuwa iyakar Kamaru yana da sarkin ruwa wanda ya san gurbi mai zurfi da wanda ke yankewa in an shiga Fabrairu da Maris. A haɗa su, a ba kowane sarkin ruwa lambar da zai kira in an ga ayu ya maƙale, a kuma biya masunci kuɗin ragarsa in ya yanke ta ya saki dabbar da ranta.