Yaya iri ke gane sama da ƙasa a sararin samaniya?

Jama'a, kowane manomi ya san ko yaya ƙwayar hatsi ta faɗa rami, saiwa ƙasa take nufa, tsiro ya yi sama. Dalili kuwa, a bakin saiwa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu nauyi da ke kwantawa ƙasa, su nuna mata hanya.

To, a tashar ISS mai kewaya duniya, kimanin kilomita 400 sama da mu, komai shawagi yake, ba nauyi. Can saiwa ba ta da wannan jagora, sai masana su kunna fitilu ja da shuɗi don tsiro ya bi haske. Ban ruwa ma aiki ne ja, don ruwa ba ya tsanewa, yakan dunƙule ya lulluɓe saiwa har ta rasa iska. Shi ya sa ake shuka cikin 'yan jakunkuna masu yumɓu da taki, ana ba su ruwa kaɗan-kaɗan.

Duk da haka an samu nasara. A Agusta 2015 'yan sama jannati suka ci latas ɗin da suka noma a tashar. A Janairu 2025 Indiya ta sanar cewa waken da ta harba ya tsira cikin kwana 4.

Abin ya shafe mu. A 2022 hukumomin FAO da IAEA sun tura irin dawa zuwa tashar, aka dawo da shi a 2023, ana binciken ko zafi, sanyi da hasken can za su sauya shi ya ƙara jure fari.