Wane Gado Ya Dace Da Yaro Bayan Yaye?

A Damargu, daga Tanut har Balbeji, yaro kan kwana a jikin uwarsa har a yaye shi, wajen shekara 2. Daga nan sai maganar makwancinsa ta taso.

A fara da auna yaron. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan shekara 2 kan kai kusan santimita 87, ɗan shekara 5 kuma wajen 110. Katifar jarirai mai santimita 60 da 120 ba za ta daɗe ba za ta yi masa kaɗan. Mai 70 da 140 kan kai shi shekara 5 ko 6. Wanda ke son saye sau ɗaya, ya nemi mai 90 da 190.

Gadon ya zama mai gajerun ƙafafu, don yaron da ya mirgino kada ya ji rauni, amma a ɗaga shi daga ƙasa saboda kunama da sanyin hunturu. In da sanduna a gefe, kada tazararsu ta wuce santimita 6, don kai kada ya maƙale. Katifa ta cika gadon dam, ba rami a gefe.

Kafin a je wurin kafinta ko mai walda, a auna gidan sauro. Dole ya rufe gadon har a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, domin da damina zazzaɓin cizon sauro ya fi kama ƙananan yara.