Ƙarfin jan kaya na mota

Ƙarfin jan kaya shi ne iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera mota ya amince ta ja a bayanta ba tare da ta lalace ko ta ƙwace wa direba ba. Ana ƙididdige shi da kilo, kuma ana rubuta shi a littafin da ke zuwa da mota. A Amurka da Turai da Ostireliya an fi maganarsa wajen haɗa babbar jif da tirelar yawon shaƙatawa, wato ɗaki mai tayoyi da ake kwana a ciki. A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina ba a saba ganin irin wannan tirela ba, amma ƙa'idar ɗaya ce ga ƙaramar tirelar amfanin gona, da tankin ruwa, da janareta mai tayoyi, da injin casa.

Nauye-nauyen da ake dubawa

Akwai alƙaluma huɗu da ake haɗawa kafin a ce mota ta dace da tirela.

Na farko shi ne nauyin tirela da kayanta gaba ɗaya. Ba kayan kaɗai ake ƙirgawa ba, har da ƙarfen tirelar kanta.

Na biyu shi ne nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Yawanci ana so ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar.

Na uku shi ne abin da motar ke iya ɗauka a jikinta: direba, fasinjoji, kaya, da wannan nauyi na ƙugiya.

Na huɗu shi ne jimillar nauyin mota da tirela a haɗe, wanda shi ma yana da iyaka.

Idan aka zarce ko da ɗaya daga cikin iyakokin nan, haɗin bai yi ba, ko da sauran ukun suna daidai. Ita ma ƙugiyar tana da nata iyaka, kuma mafi ƙarancin adadi shi ake bi.

Tirela mai birki da marar birki

Kamfanoni kan ba da adadi biyu. Toyota Land Cruiser 200, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2021, an ƙayyade mata kilo 3,500 a kasuwannin Turai da Ostireliya idan tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da shi, iyakar ta sauko zuwa kilo 750. Dalili shi ne ba a tashi matsalar take ba, a tsayawa take. Injin babbar jif na iya motsa kaya masu nauyi ƙwarai, amma birkinta an auna shi ne da nauyin jikinta. Tirela marar birki tana tura motar gaba duk lokacin da aka taka birki.

Wannan ya shafi ƙananan tirelolin da masu walda ke haɗawa da tsohon gatarin mota, domin galibinsu ba su da birki, ba su kuma da tambarin da ke nuna nauyinsu. Hanyar sanin nauyin irin wannan tirela ita ce a ɗora ta a kan babban sikeli.

Misalin lissafi

A ɗauka buhun masara kilo 100 ne. Tirela marar birki mai nauyin kilo 300 ta bar kilo 450 kacal daga cikin 750, wato buhu huɗu, komai girman jif ɗin da ke janta.

Tirela mai birki da ta kai kilo 800 babu kaya, idan aka ɗora mata buhu 20, ta zama kilo 2,800. Wannan kashi 80 cikin ɗari ne na 3,500, kuma nan ne da yawa daga masu ba da shawara kan ce a tsaya domin a bar rara. Sai dai lissafin bai ƙare ba. Kashi 10 na 2,800 shi ne kilo 280, kuma zai sauka a kan ƙugiya. Idan motar na iya ɗaukar kilo 650 a jikinta, saura 370. Mutum biyar masu kilo 70 kowanne sun cinye 350. Abin da ya rage kilo 20 ne, bai kai nauyin jarkar ruwa mai lita 25 ba. Shi ya sa sau da yawa abin da mota ke ɗauka a jikinta yake ƙarewa kafin ƙarfin janta.

Yadda ake jera kaya

Ana so kusan kashi 60 na kaya su kasance gaba da tayoyin tirela, a ƙasa-ƙasa, a ɗaure tamau. Idan nauyi ya koma baya, bakin tirela zai yi sauƙi, sai ta fara lilo hagu da dama yayin da gudu ya ƙaru, har ta kai ga juya motar. Idan kuma nauyi ya yi yawa a gaba, bayan mota zai durƙusa, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako. Tankin ruwa da bai cika ba yana da nasa haɗarin, domin ruwan na kaɗawa a kwana da lokacin birki. Ana kuma haɗa sarƙa tsakanin mota da tirela saboda ko ƙugiya ta saki.

A kudancin Katsina

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yankin noman masara da dawa da auduga ne. Da kaka ana kwashe amfani daga gonaki zuwa kasuwanni irin su Sheme da Ɗandume da Funtuwa, da amalanken shanu, da tarakta, da a-kori-kura, da manyan motoci. Babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa ƙasar Faskari ta Sheme da 'Yankara, amma yawancin hanyoyin da ke shiga ƙauyuka na ƙasa ne.

Adadin da kamfani ya rubuta an same shi ne da mota lafiyayya a kan kwalta. Ma'aunin SAE J2807, da kamfanonin da ke sayar da motoci a Amurka ke bi, ya haɗa da gwajin hawa doguwar gangara a jihar Arizona cikin zafi. A hanyar yashi ko lakar damina kuwa, tayoyi kan nutse, injin da giya su yi zafi, kulochi ya ƙone. Motar da ta tsufa, ko wadda tayoyinta suka cinye, ko lagiretonta ke yoyo, ba za ta kai adadin sabuwa ba. Saboda haka ana rage lodi a irin waɗannan hanyoyi.

Tirelar tarakta ba ta dace da jif ba. An ƙera ta ne domin tafiya a hankali da tan-tan na kaya, kuma maƙalarta daban ce.

Illar wuce iyaka

Lodin da ya zarce ƙima yana tsawaita nisan tsayawa, yana sa birki ya yi zafi ya daina kamawa a gangara, yana fasa taya, yana kuma tsaga shasi a wurin da aka ɗaura ƙugiya. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar lodin da ya wuce ƙima a matsayin laifin hanya.