Naman Kaza Na Suri: Yadda Ake Gane Shi Da Kare Shi

Idan damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta lokacin marka, naman kaza yakan fito a dajin Bilbis da sauran ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Wani ana ci. Wani kuwa guba ne. Shi ya sa ya kamata kowa ya san bambancinsu.

Akwai dangi guda da ke fitowa a kan suri ko kusa da shi. Masana suna kiransa Termitomyces. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya raɗa masa wannan suna a 1942. Dangin yana da iri fiye da 30. Akwai ƙanana masu fitowa da yawa wuri guda. Akwai manya masu faɗin faifai. A ƙasar Zambiya ma akwai wanda faɗinsa kan kai mita 1.

Gara ce ke noma shi. Takan kai busasshiyar ciyawa da ganye cikin suri, ta yi masa gado. Shi kuma ya ruɓar da su, gara ta samu abinci. Idan babu gara, babu shi.

Na suri yana da tsini a tsakiyar laimarsa. Yana kuma da doguwar saiwa mai shiga cikin suri. Amma alama ɗaya ba ta isa ba. Wanda ƙarƙashin laimarsa ya yi kore-kore yana sa amai da gudawa. Wanda gindinsa ke cikin wata 'yar jaka, a guje shi, domin a cikin danginsa akwai masu kisa. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Wata gubar sai bayan awa 6 ko fiye take nuna kanta. Wanda ya ci ya fara ciwon ciki, a kai shi asibiti nan da nan, tare da ragowar abin da ya ci.

Ƙona daji da sare itatuwa suna hana gara abinci. Rushe suri da zuba masa magani suna kashe gidan gaba ɗaya. Surin da ba ya ɓarna a gona ko gida, a bar shi. Mai tsinka kuma ya bar wasu, don iri ya bazu.

Iyaye su ja wa yara kunne: abin da ba a sani ba, kada a kai shi baki. Rigakafi ya fi magani.