Kafin Ki Sayi Fili, Ki Tambaya

Yau zancenmu na fili ne, watau fegin da ba a gina kome a kansa ba. Mata da yawa yanzu sun gane amfaninsa. Mace takan yi shekara uku tana zubin adashi, ko ta sayar da tumakin da ta turka, ko ta sami rabonta na gado, sai ta ce bari ta sa kuɗin a ƙasa, tun da fili ba ya ciwo, ba ya mutuwa, ɓarawo kuma ba ya ɗaukarsa a ka. Wannan dabara ce mai kyau. Amma fa kuɗin da aka daɗe ana tarawa, a rana ɗaya akan miƙa su. In kuwa suka faɗa hannun da bai dace ba, sai a yi ta sintiri a kotu har takalmi ya ƙare.

Abu na fari, a Nijeriya ba ƙasar kanta ake saya ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, amana domin jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne iznin zama da amfani, a birane yawanci na shekara 99, shaidarsa kuwa ita ce takardar nan da ake kira satifiket. Filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izninsu. Dokar ta ce mai filin birni ba shi da ikon sayar da shi sai da yardar Gwamna. Saboda haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, gama tana nuna an biya kuɗi gaban shaidu, amma ba ta tsaya a madadin takardar hukuma ba.

Na biyu, ki san mai filin ido da ido. Dillali la'adarsa yake nema, ko ciniki ya yi albarka ko bai yi ba. Ki ce a kawo mai shi, ki ji yadda filin ya zo hannunsa: saye ne, ko kyauta, ko gado? In gado ne, to, a nan ake tafiya a hankali. Sau da yawa babban wa yakan sayar da gonar mahaifinsu tun ba a raba ba, ƙannensa mata suna gidajen aure ba su sani ba. Ran da suka ji, rigima ta tashi, mai saye ce a tsakiya. Ga kuma hakkin shuf'a a shari'a: in magaji ɗaya ya sayar da rabonsa a filin da ba a raba ba, sauran suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinta su karɓe. Don haka ki nemi takardar rabon gado ta alƙali, ko kuwa dukan magada su sa hannu.

Na uku, a je ofishin ƙasa a bincika. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma kowace da ma'aikatarta. A tafi da lambar fayil ɗin da ke jikin takardar, a biya kuɗin bincike. Nan za a gane ko sunan da ke rajista shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da filin a banki, ko ana binsa bashin haraji. Nan kuma za a san ko awon gwamnati ne ko awon igiya, watau gonar da mai ita ya yayyanka da kansa. Awon igiya ya fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Wani an yanka shi a kan hanyar da hukuma ta riga ta zana, ko filin makaranta, ko maƙabarta, ko burtali. Ku lura da wannan ƙwarai: in Gwamna ya soke izni domin aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka, da harajin da aka biya a shekarar. Mai fili tsirara ba ta samun abin kirki.

Na huɗu, gani ya kori ji. Kada ki yarda da hoto a waya, kada kuma ki tsaya ga ganin rani. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ki je cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai yawa, ki ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. Akwai kududdufan da aka cike da shara aka rufe da ƙasa; harsashin gini a irin wannan wuri yakan ci kuɗi fiye da filin, bango kuma ya tsage. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun rushe dubban gidaje, musamman na gaɓar kogi da na kwari. Ki shiga gidajen maƙwabta ki gaisa da matan, gama su ne ke kwashe ruwa daga ɗaki da dare, ba za su ɓoye miki ba. Ki tambaye su zurfin rijiya, da ko an taɓa jayayya a kan wurin. Ki ɗaga kai kuma ki duba manyan wayoyin lantarki: mafi girmansu, ƙa'ida a bar mita 25 kowane gefe ba gini.

Sa'an nan a kira safiyo ya auna. Fulotin da aka saba shi ne ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, amma abin da baki ya faɗa dabam, abin da awo ya nuna dabam. A nuna miki turakun iyaka duka huɗu, da hanyar da mota za ta shiga, maƙwabta na tsaye.

Yanzu ga maganar da ta fi shafarmu mu mata. Yawancinmu mukan aiki maigida ko wa ko ƙane ya yi cinikin, don kunya ko don rashin fita. Ba laifi, amma sunan wa aka rubuta? Addini da doka duka sun ba mace ikon mallakar dukiyarta, ko tana da aure ko ba ta da shi. In aka rubuta sunan maigida don kara, ran da ta Allah ta kasance, filin ya shiga cikin gado. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne rabonta, watau kashi 1 cikin 8, in da kishiyoyi kuma a raba shi tsakaninsu. Ashe kin ga kuɗin adashinki sun zama na kowa. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne. Miji na gari shi zai fara cewa a sa sunanki. Ki karanta takardar da kanki kafin ki biya, ki biya ta banki don a sami shaida, shaidu su sa hannu, sa'an nan a kai ofis a juya sunan. In don yarinya aka saya, a sani doka ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba satifiket sai ta hannun wakili.

Bayan saye, kada ki naɗe hannu. Ki kewaye filin ko da da bulo jeri biyu ne, ki riƙa leƙawa, ki biya harajinsa, ki duba wa'adin ginin da aka rubuta a takardar. Filin da aka manta da shi akan sayar wa mutum biyu har uku.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. In iyayenku mata za su yi irin wannan ciniki, ku zauna ku karanta musu takardun baƙi da baƙi, ku nuna musu inda sunansu yake. In dillali ya ce a yi sauri wani na jira da kuɗi, ku tuna musu sauri kan haifi nawa. Allah ya sa mu dace, amin.