Assouf: Kiɗan jitar Abzinawa da hanyoyin da ba a bi da dare

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani reshe na kiɗan rok mai nauyi da sanyaya jiki, wanda masu sha'awarsa ke cewa bai fi daɗi ba sai mutum yana tuƙi shi kaɗai cikin dare. A yankin Sahel ma akwai makamancinsa, wato kiɗan jita na Abzinawa da ake kira assouf, kalmar da a harshen Tamashek ke nufin kewa da begen gida.

To sai dai a wurare irin su Ruwan Godiya da ke ƙaramar hukumar Faskari a jihar Katsina, tafiyar daren ita kanta ta zama abin tsoro, sakamakon hare-haren 'yan bindiga.

Asalin kiɗan

Kiɗan ya samo asali ne daga matasan Abzinawa waɗanda fari da rikici suka kora daga Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libya. A cikinsu ne Ibrahim Ag Alhabib ya haɗa ƙungiyar da daga baya aka sani da Tinariwen, a wajejen shekarar 1979 a garin Tamanrasset.

Da farko a kaset ake naɗar waƙoƙin, ana miƙa su daga hannu zuwa hannu. A shekarar 2012 ƙungiyar ta samu kyautar Grammy da faifanta mai suna Tassili.

Makaɗin kan riƙe gajeren salo guda ya yi ta maimaita shi, yana ɗan sauya shi kaɗan-kaɗan, tare da tafi da amshi, a bisa wani taku da ake kamantawa da tafiyar raƙumi. Wannan maimaici ne ke sa mai sauraro ya ji tamkar yana kan doguwar hanya wadda ba a hango ƙarshenta.

Alaƙa da ƙasar Hausa

Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya fara koyon kiɗa ne da jitar da ya ƙera da kansa da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a shekarar 2008, inda ya yi amfani da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa.

Waƙoƙin sun bazu ne ta wayoyin salula, kafin wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da shi ga duniya. A shekarar 2021 ya saki Afrique Victime, sannan Funeral for Justice a 2024.

Shi kuwa Bombino na Agadas, gudun hijira ya yi zuwa Burkina Faso a lokacin tawayen da ya ɓarke a 2007, bayan da aka kashe biyu daga cikin makaɗansa.

Hanyar da aka rufe

Direban ƙasar Hausa ya daɗe da sanin amfanin kiɗa a kan hanya. Kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya daɗe zaune a Funtuwa kafin rasuwarsa a 1999, sun raka matafiya da dama, haka nan kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai waƙar Karen Mota.

Amma al'amura sun sauya a kudancin Katsina. A daren 11 ga watan Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamna Aminu Bello Masari ya haramta wa motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka umarce su da su zagaya ta Funtuwa. A watan da ya biyo baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.

A irin wannan hali direba ba ya fita shi kaɗai, kuma ba ya ƙure rediyo. Ya kan nemi ya shiga gari kafin magariba, ya bi sahun wasu motoci, ya kuma kasa kunne ko zai ji ƙarar babura.

Ke nan kaɗaicin da Bature ke nema a kan hanya domin nishaɗi, ga mutumin Ruwan Godiya haɗari ne ga rai da dukiya. Ta wannan fuska ya fi kusa da mawaƙan assouf, domin su ma ba don marmari suka rera kewa ba. Mutane ne da aka raba da garuruwansu, suka ɗauki jita suna ambaton hanyar komawa gida.