Tambaki, Kifin da ke Shuka Daji

A Kudancin Amurka akwai wani kifi da abincinsa daga kan bishiya yake faɗo masa. Mutanen Barazil suna ce masa tambaki, na Kolombiya da Benezuwela kuma kachama. Ɗan asalin kogunan Amazon da Orinoko ne. Idan ya riƙa, tsawonsa kan kai mita 1, nauyinsa ya haura kilo 30.

Duk shekara kogin Amazon kan cika ya batse. A wajen birnin Manaus ruwa kan tashi kimanin mita 10, ya malale daji wata da watanni, kuma a daidai lokacin ne 'ya'yan itatuwa da yawa ke nuna. Sai tambaki ya bi ruwa ya kutsa tsakanin bishiyoyi yana kiwo. Allah ya hore masa faffaɗan haƙora masu kama da turamen ɗan Adam, har ƙwallon bishiyar roba yana fasawa da su. Wai kuma dangin firana ne, kifin nan da ya yi ƙaurin suna wajen yagar nama! Kitsen da ya tara a wannan kiwo shi ke riƙe shi idan ruwa ya janye, abinci ya yi ƙaranci.

Ba duk irin da ya haɗiya ke narkewa ba. Ƙananan sukan fito cikin kashinsa lafiya lau, wani lokaci da tazarar kilomitoci daga uwar bishiyar, su tsira bayan ƙasa ta tsane. Manyan kifayen ne ke kai iri nesa, su ne kuma masunta suka fi sa wa ido saboda tsadarsu. Yawan kamu ya sa babban tambaki ya yi wuyar samu a ruwayen da ke kusa da Manaus.

Kiwonsa a kududdufi ne ya cike giɓin kasuwa. Kifi ne mai juriya: idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ruwa, leɓensa na ƙasa kan kumbura, ya riƙa zuƙar ruwan da ke sama-sama. Cikin kifayen asalin Barazil babu wanda ake kiwo kamarsa, jihar Rondoniya ce kuma kan gaba. Sai dai wanda aka haifa a kududdufi, aka ciyar da abincin buhu, daga nan sai kan gawayi. Ƙafarsa, in ma yana da ita, ba ta taɓa taka daji ba, balle ya kai wa wata fadama iri.